Tankin Mavis Tebbutt

Duk garinmu, can cikin ƙungurmin dajin jihar Queensland, ba wanda ya kai Mavis Tebbutt faɗa. Mijinta ya rasu ya bar mata gida da tankin kwano mai tarar ruwan sama daga rufi. Da shi take shayi, da shi ta raini 'ya'yanta har suka watse birni.

Sai ƙaramar hukuma ta jawo famfo daga burtsatse, ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta ce a fasa kowane tanki, wai yana tara sauro. Ana tsakiyar fari fa! Mu dai matsorata muka miƙa wuya.

Duba-garin da aka turo mata ɗan wanta ne, Lindsay. Ni maƙwabciyarta ina leƙe ta shinge ya shigo da diga a kafaɗa.

"Gwaggo, umarni ne."

"Umarnin uwaka! Babu ko ɗigo ciki, bar shi ya yi tsatsarsa."

Da baƙo ne da ya yarda. Amma ɗan garinmu, kafin ya iya magana ya iya ƙwanƙwasa tanki. Ya bi da ƙashin yatsa daga sama, yana kasa kunne. Kwano na amsawa fayau, fayau, har daidai ƙirjinsa, sai sautin ya mutu, alamar akwai ruwa.

"Haba Gwaggo, da girmanki?"

Ya ɗaga diga ya sara gindin tankin. Ruwa ya yi tsartuwa. Mavis ta rarumi shebur ta kwaɗa masa a ƙeya, wallahi har inda nake na ji ƙarar. Ya kife. Ta faɗa kan ramin ta toshe da tafin hannu, yagaggen kwano yana yankar ta, jini na bin gwiwar hannunta.

"Ke Dulcie!" ta kwaɗa min kira. "Kawo tsumma!"

Ni kuwa na laɓe bayan shinge, har yau abin na ba ni kunya da haushi.

Lindsay na kwance yana shure-shure, jini na bulbulowa daga kansa yana jiƙa ƙasa. Ta dube shi, ta dubi tankin. Ta ƙara danne ramin. Sai shurin ya fara raguwa.

"Shege, ɗan banza, maci amana!"

Ta saki ramin. Ta yage zanen girkinta, ta ɗora kansa a cinya ta ɗaure tam, tana zaginsa tana kuka. Ruwan ya yi ta kwarara ta ƙarƙashinsu har ya ƙare, ba ta waiwaya ba.