Faifan da Ya Bi Kwalin Fitilu

Yayana ya turo ni Guangzhou ne don in riƙa saya masa fitilun caji ina aika masa Kano. Gidanmu gidan malamai ne, mai kiɗa a wurinmu ko kwat ya saka maroƙi ne. Tun da iyayenmu suka rasu Yaya ya zama uba, kuma na san ranar da ya ji ina waƙa, tikitin dawowa gida zai aiko min.

A wani sito a Sanyuanli abin ya fara. Mai siton ɗan zangon Kumasi ne, shi ke yi mana lodin kwantena. Wata Lahadi na tarar da shi yana dukan kwalaye da sanduna biyu, wani ɗan Damagaram mai sayen atamfa yana biye masa da jita mai lantarki. Na tsaya ina musu dariya, sai bakina ya ci amanata. Na ɗora musu waƙar da Innarmu take yi in tana daka, abin kuwa ya zauna daram. Daga baya wata 'yar China mai gyaran lasifika a Tianhe ta shigo da jita mai kaurin murya, muka zama huɗu.

Ni dai ban yarda da ko ɗayansu ba. Ɗan Damagaram ya san layin shagon Yaya, har ya taɓa cewa, "Bon, Alhajinku ai mutumin kirki ne," yana wani murmushi da ban gane kansa ba. 'Yar China kuwa waya ba ta barin hannunta. Da ta ɗaga, sai in juya mata ƙeya. Ta ce, "Lawban, hoto ɗaya kawai," wai maigida da yarensu. Na ce, "Meyo!" wato babu, kamar yadda masu shago ke korar mu. A titin Huanshi Lu kuwa, inda 'yan kasuwarmu ke taruwa, duk ɗan Kano da ya riƙe hannuna ya daɗe yana gaisuwa, sai in ce wannan ya ji wani abu.

Da muka zo yin faifanmu na farko na kafa sharuɗɗa kamar mai ba da aure. Ba sunana, ba fuskata, ba sakawa a intanet. 'Yar China ta yi fushi, ta ce wane irin mawaƙi ne ke gudun a ji shi. Muka buga shi a faifan CD da hoton ƙofar siton a bango, muna sayarwa a ƙananan wuraren da muke wasa, inda ɗan Kano ba ya leƙawa. Kaɗan aka saya. Sauran suka yi ƙura a sito, kuma wallahi na ji daɗin hakan.

Ɗan Kumasi ne kaɗai ban tsananta wa zargi ba, don ba shi da surutu. Na manta da ɗabi'arsa. Mutumin nan ba ya ƙaunar ganin gurbi a kwali. In fitilu suna motsi zai cusa duk abin da hannunsa ya kai, tsumma ne ko tsohuwar jarida. Ranar da na ga tulin faifan ya ragu na tambaye shi.

Ya ce, "Massa, na cike kwalin Alhaji da su. Yanzu fitila ba zai fashe ba."

Jirgin ruwan ya riga ya yi nisa. Na zage shi tas, shi kuma yana ta rantsuwa. Har yau ban tabbata kuskure ba ne, domin na ga sun haɗa ido da ɗan Damagaram.

Na bar cin abincin kirki. Duk kiran da ya shigo daga gida sai in ce asirina ya tonu. Yaya ya kira sau da dama, maganar kaya kawai, ni kuwa ina auna kowace gaisuwarsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira. Yana cikin tsohuwar motarsa, kuma a bayan muryarsa ina jin tawa muryar.

Ya ce, "Kaya sun iso lafiya. Na ga har da tsaraba."

Na ce, "Mai lodi ne ya cusa, Yaya. Wasu yara ne a nan."

"Wasu yara." Ya maimaita, jitar ɗan Damagaram tana ta kuka. "Yaran China ne suka san waƙar Inna?"

Na jingina da bangon wani shago, ina jiran maganar tikiti.

Ya ce, "To ka gaya wa yaron ya tsallake baiti ɗaya. Wanda take yi in taɓarya ta yi mata nauyi. Lokacin yana goye, ba zai tuna ba."

Sai ya rage ƙarar rediyon. Mutumin da ban taɓa jin ko gunguninsa na waƙa ba ya rera min baitin, a hankali. Da ya kai ƙarshe ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Fitilu masu hannu sun ƙare. Ka ƙaro."