Shekarar da Muka Ɗaure Tudu

Garkar innata tana cikin wani kwari a kan hanyar Bune, tafiyar rabin yini daga Gure idan da amalanke. Dabino ne a ciki, da rogo, da ɗan rake a bakin rijiya. Tudun rairayin da ke gabas da kwarin tun ina yarinya yake matsowa a hankali, amma a wannan shekarar sai ya ƙara sauri. Ya cike rijiya, ya hau dabinon gefe har wuya. Wata safiya na iske Inna tsaye a kan rairayi tana tsinkar ƴaƴan dabino da hannu.

"Ke, zo ki gani," ta ce. Ni ce ƴar fari, ba ta kiran sunana. "Shekara da shekaru ina roƙon a hau mini shi, yau ga shi ya durƙuso yana gaishe ni!"

Muka yi dariya har muka zube. Amma mun san baɗi ko kansa ba za mu gani ba.

A lokacin ina sayar da kanwa da barkono a kasuwa. Duk ranar kasuwa sai mai yankan tikitin meri, wato ma'aikatar magajin gari, ya zo, ni kuwa sai na yi masa tsiya kafin in karɓa. Ran nan da tsiyar ta ishe shi sai ya ce, "Maimakon ki cika mini kunne, jibi konseye, wakilan da kuka zaɓa, za su zauna a Gure su tsara abin da za a yi da kuɗin kasuwa. Ƙofa a buɗe take ga kowa, ki je ki faɗa musu."

Na kai maganar ga ƙungiyar matan kwarinmu. Nan take suka ce ni zan yi magana, tunda an san bakina ba ya gajiya. Muka cika amalanken shanu da sassafe, muna waƙa muna tafi kamar masu kai amarya. Inna ta ƙi zama a gida. Ta ɗebo rairayi daga bakin rijiyarta cikin kwanon sha, ta rufe da faifai, ta rungume shi duk hanya.

Ban taɓa shiga biro, wato ofishin hukuma, ba sai ranar. Ga magajin gari a tsakiya, ga konseye jere a kan kujeru. Da aka ce in tashi, bakin nan da ba ya gajiya sai ya ƙafe. Na ce, "Ranka ya daɗe," na sake cewa, "Ranka ya daɗe," daga nan ban ƙara tuna komai ba. Sai Inna ta ratso ta gefena, ta ajiye kwanon a kan tebur, ta ɗage faifai.

"Ranka ya daɗe, baƙo ba ya zuwa hannu wofi. Ga ruwan rijiyarmu, a sha."

Magajin gari ya leƙa kwanon, ya dube ta, sai ya fashe da dariya, ɗakin duka ya ɗauka. Dariyar ce ta kwance mini harshe. Na faɗi komai, daga rijiyar da ta cike har samarinmu da ke tafiya cin rani don garake sun mutu.

Wani Alhaji cikin konseye, mai raƙuma ne, ya ce shi a ganinsa rumfunan kasuwar dabbobi sun fi gaggawa. Aka yi ta ja. Can wani ma'aikacin gandun daji da aka gayyato ya tambaye shi, "Alhaji, makiyayar da ke bayan tudun nan, yaushe rabon raƙumanka da ita?" Alhaji ya shafa gemu ya ce ai ta daɗe da zama rairayi. Da aka zo ɗaga hannu, nasa ya riga na kowa tashi. Aka amince a ware wani kaso na kuɗin kasuwa don ɗaure tudunmu, rumfuna su jira baɗi. A hanyar komawa mun yi guɗa har shanun suka firgita suka sheƙa da mu.

Aikin ya fara bayan girbi. Ma'aikacin gandun dajin, da muke kira Malam, shi ya koya mana. Maza su saro kalimbo, ciyawar nan mai tsinkaye da ke fitowa a jigawa, mu mata mu ɗauko a ka. A tona rami dogo a kan tudu, a jera kalimbo tsaye, a danne da ƙafa. Malam ya ce shinge na farko sai ya tare iskar gabas fuska da fuska, sannan a ratsa shi da wasu, har tudu ya zama gida-gida kamar filin dara.

Ban taɓa sanin hawan rairayi da kaya a ka abin dariya ba ne sai lokacin. Ki taka uku, ki zame biyu. Wata maƙwabciyata mai jiki ta kai ƙoli da ƙyar, ta ɗaga hannu tana mana kirari, sai ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinta. Ta gangaro zaune, dami a kai, tana salati, har gindin rogon Inna. Daga ranar muka daina saukowa da ƙafa. In mun sauke kaya sai mu tattare zane mu zauna mu sulalo, matan aure da jikoki, muna ihu. Malam ya yi ta cewa, "Don Allah iyayena, ku bi gefe, kada ku karya mini shinge!"

Ana sallamar mu duk mako, ba wani abu mai yawa ba, amma ya isa a sa tukunya. Ƙanena da ya riga ya ɗaure jaka zai tafi, sai ya kwance ta. Ranin nan kwarinmu bai zama kango ba. An yi suna biyu da biki ɗaya, kuma duk da maza a gari.

Da damina ta kusa, motar meri ta kawo dashen dakwara da aduwa cikin ƴan ledoji. Ruwan farko na sauka muka fita, kowane gida na shinge muka sa masa dashe ɗaya, muka watsa irin ciyawa. Aka sa mai gadi, aka hana kiwo a wurin har sai itace ya kama. Alhaji da kansa ya zo a kan raƙumi ya ja wa makiyaya kunne.

Bayan makonni kaɗan na fito da safe na ga tudu ya yi tsanwa daga ƙasa har sama. Na ruga gida ɗankwali a hannu.

"Inna! Inna, tudu ya yi gashi!"

Ta ce in daina shirme, amma ta ɗauki sanda. Muka hau tare, tana hutawa a kowane shinge, tana shafa ciyawa kamar kan jariri. Rairayin ya daina gudu a ƙarƙashin ƙafa. A gida na kusa da ƙoli wani abu ya tashi fir daga gabanmu, har na ƙwala ihu. Zabuwar daji ce. Inna ta buɗa ciyawar da sanda, sai ga ƙwai cike da ɗan rami.

Na miƙa hannu, ta buge shi.

"Kul! Baƙuwa ce, yanzu ta sauka. Ki bar ta ta ƙyanƙyashe."

Muka ja da baya da sanɗa, muna toshe baki don kada dariya ta kore ta. Da muka sauko Inna ta bi gida-gida tana shelar cewa duk wanda ya taɓa ƙwan nan da ita zai yi.