Inna da ƙofofin gari

"Kabuga, Dukawuya, Famfo..." Inna ce ke jero ƙofofin Kano da safiyar nan, tana taka tsakar gida da kofin ruwa a hannu. Ina biye da ita kamar in rangaɗa guɗa.

Wata biyu ke nan da ta faɗi a lungunmu na Koki. Maƙwabciya ce ta jero mata gaisuwa, tana tafe tana amsawa, ƙafa ta rikice. Nan take Yaya Sani ya yanke hukunci wai ta daina fita. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta tsufa tana zumunci a ƙafa za a ajiye kamar kayan ɗaki?

Likita ta ce ƙwaƙwalwa tana koyon riƙe abu biyu lokaci guda, a haɗa mata tafiya da ƙirga baya-baya. Inna ta ce ita ba 'yar firamare ba ce. Sai muka koma ƙofofi, yau ta jero su ta dama, gobe ta hagu. Ranar farko a ta uku ta tsaya cak.

Yau ta kai Gadon Ƙaya a jerin ke nan, Yaya ya shigo ya durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau, Sani. Na'isa, Ɗan Agundi. Matsa min hanya."

Ko ɗigo bai zuba ba. Ya sosa ƙeya ya ce jibi akwai suna a Gwale, ko za ta je.

Kafin a zaunar da tsoho, a fara ba shi atisaye. Ku wanne kuka taɓa gwadawa a gidanku?