Allunan Kwanon Yaya

Yayana ya dawo daga Kwatano bayan shekara goma sha ɗaya, da jakar tufafi guda da wani ɗauri mai nauyi da aka naɗe cikin buhu aka ɗaure da roba. Mutum biyu ne suka sauke shi daga kan mota. Da Inna ta ji ƙarar kwano a ciki, sai ta ɗauka rufi ya sayo mata, don ɗakinta yana yoyo tun daminar da ta wuce. Har ta fara sa masa albarka. Da ya kwance ɗaurin sai ga alluna tara na kwano, irin waɗanda ake kafawa a jikin kantuna a zamanin da: tallan sabulu, tallan shayi, tallan tayar keke, da wani na madarar gwangwani mai hoton saniya. Yawancinsu da Faransanci aka rubuta su, gefunan kuma duk tsatsa.

Inna ta duƙa ta ɗaga ɗaya, ta juya bayansa.

"Mi za a yi da su?"

"Na ado ne, Inna."

Ta ajiye, ta koma wajen tukunyarta. Rufin kuwa ya yi mata shi daga baya, kafin ruwa ya sauka.

A Kwatano wankin kwanuka ya fara yi a wani otal, har ya zama kuku. Ya ce ɗakin cin abincin otal ɗin duk irin waɗannan alluna ne a bango, Turawa da masu kuɗi suna zuwa su tsaya a ƙarƙashinsu a ɗauke su hoto. Ranar da zai taho, mai otal ya bar masa waɗanda suka rage a sito. Tun a can ya ƙudura cewa idan ya dawo Bagudo zai buɗe nasa wurin, ya yi masa ado haka.

Ya yi aure, ya kuma kama ɗaki biyu da rumfa kusa da tasha. Ya ɗauki wata mata 'yar kudu da ta daɗe a garin, wadda kowa ke kira Madam, don ta riƙe masa tuwo da miya, shi kuma ya riƙe shinkafa da farfesun kifi da kofi irin na tsallaken iyaka. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Bahindi, ƙarshen mako kawai nake shigowa. Ni na riƙe masa benci ranar da ya kafa tara na farko. Yakan buga ƙusa, ya sauko, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya duba, ya dawo ya cire ya sake. Mun yini a kan haka. Ban fahimci abin da yake gani ba, ban kuma tambaye shi ba.

Mutanen gari da farko dariya suka yi. Suka ce mutum ya je birni ya dawo da bola. Direbobin manyan motoci da ke shigowa daga tsallake su ne suka so wurin. Sukan zauna da kofi suna karanta Faransancin da ƙarfi, wani ya ce kakansa ya sayar da irin wannan sabulun a Kandi. Wani dattijo da ke cin tuwo a wurin kullum ya nuna allon da ke da hoton mace ba ɗankwali, ya ce ba zai iya cin abinci tana kallonsa ba. Yaya bai yi gardama ba. Ya cire shi ya mayar ɗakin girki, can wajen Madam.

Daga nan neman alluna ya zame masa aiki na biyu. Da yake ni ke da babur, ni ne direbansa. Ranar Asabar da hantsi mukan fita, yana baya da buhu da guduma, idonsa a kan katangu da dangogi. A ƙauye ba wanda ya ɗauki allon a matsayin wani abu. Wani an toshe ɓular danga da shi, wani ana shanya kuɓewa a kai, wani marfin rijiya ne.

A Kende ya hango wani shuɗi ta saman katanga, ya dafa kafaɗata na tsaya. Muka yi sallama, wata tsohuwa ta fito. Allon ƙofar akurkin kajinta ne, tallan batirin tocila, kashin kaji ya rufe rabin rubutun.

"Iya, wanga kwano nika so."

"Kai ɗan gwangwan ne?"

"A'a. Bango zan kafa shi."

"Bango na yoyo?"

Ya yi ta bayani, ba ta gamsu ba. Ta ce ita dai mijinta ya samo shi tun suna amare, kuma idan aka cire muzuru zai cinye mata kaji. Ba mu tafi da shi ranar ba. Asabar ta gaba muka koma da katako da ƙusoshi, ya durƙusa a tsakar gidan ya haɗa mata ƙofa da sakata. Ta gwada ta sau uku kafin ta yarda. Da za mu tafi ta ba mu ƙwai biyar a ƙoƙo, ta ce da ni a hankali, "Ka riƙa lura da ɗan'uwanka." Ta ɗauka ba shi da cikakkiyar lafiya.

A kasuwar Lolo kuma aka fara kawo sababbi daga tsallake, waɗanda aka buga jiya aka zana musu tsatsa da fenti don su yi kama da tsofaffi. Matasa suna saye su kafa a shagon aski ko a ɗaki. Yaya yakan ɗaga ɗaya da yatsu biyu, ya kaɗa shi ya ji yana rawa kamar takarda, ya ajiye. Na gaske yana da nauyi, fentinsa irin na tsohon kwanon sha ne, idan ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. Cikin shekara huɗu bangon ɗakunan biyu ya cika, har ya fara kafawa a jikin rumfa.

Sai aka rufe iyaka. Manyan motoci suka daina zuwa. Wurin da a da sai ka jira wani ya tashi, ya koma mutum uku ko huɗu a yini. Madam ta rage tukunya, ta sake ragewa. Yaya bai fasa komai ba. Kowace Juma'a da safe yakan hau benci da tsumma da ɗan man gyaɗa, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Ya rame, yana yawan cewa ƙeyarsa na sara. An auna shi an ce jininsa ya hau, aka ba shi magani, yakan sha idan ya tuna. Ko da aka sake buɗe iyakar, direbobin da yawa sun riga sun canza hanya.

Ina cikin aji Madam ta kira ni.

"Malam, ka zo. Yayanka ya faɗi."

Ina tsakiyar rubuta jimla a allo. Na ƙarasa ta, na sa aya, na ce yara su kwafa, sannan na je na shaida wa hedimasta. Na tuna har na tsaya na kaɗe alli daga hannun rigata.

Na same shi a asibitin gari, bakinsa ya karkace, ido a buɗe amma ba ya magana. Madam ta ce daga kan benci ya zame, tsumman yana hannunsa. Suka ce mu wuce da shi Birnin Kebbi. Muka sami mota, na zauna a baya kansa a kan cinyata, matarsa a gaba tana ta addu'a. Abin da na fi tunawa a tafiyar nan shi ne ƙafata da ta yi sanyi ta mutu, da yadda nake so in gyara zama amma ba hali. Ina kallon gonakin shinkafa suna wucewa. Ba mu kai rabin hanya ba na ji nauyinsa ya canza. Na sa hannu a hancinsa, na jira, sannan na shafe masa ido.

Direba ya dube ni ta madubi.

"Malam, mu ci gaba?"

"Juya," na ce.

Matarsa ta fasa kuka. Ni kuwa ina tunanin ko na kulle babur ɗina a bakin asibiti.

An yi jana'iza bayan la'asar. Na shiga kabari na karɓe shi, na fito, aka ba ni ruwa na wanke hannu. Kwana bakwai ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, mutane na cewa Allah ya jiƙansa, ina cewa amin. Wasu suka yaba da haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Na yi ta jira in ji wani abu, kamar yadda mutum ke jiran zafi bayan ya yi tuntuɓe, bai zo ba. Ina ci, ina barci. Ranar Litinin na koma aji.

Madam ta roƙi a bar mata wurin ta ci gaba da shi, dangi suka yarda. Alluna ne suka zama abin magana wajen rabon gado, don ya bar yara uku ƙanana. Malamin da ya zo rabon ya shiga ya zagaya ɗakunan, ya fito ya ce shi bai san a wane babi zai sa su ba. 'Yan gwangwan suka zo da sikeli, suka ce a kan nauyi za su ɗauka. Aka bar maganar haka har matarsa ta fita takaba.

Ana nan sai ga wani mutum daga tsallake, ɗan Dendi, mai tara irin waɗannan kaya yana kai wa otal-otal da gidajen abinci na bakin teku. Wani direba ne ya ba shi labari. Ya shiga ya dubi bangon, ya ƙwanƙwasa biyu ko uku da bayan yatsa, ya tambayi wanda ya tara su. Na ce ya rasu. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya ce mutumin nan ya san abu. Abin da ya bayar ya fi na 'yan gwangwan nesa ba kusa ba. Matar Yaya ta ce duk yadda na gani. Na ce a sayar. Ban yi dogon tunani ba, kamar an tambaye ni ko a rufe taga.

Ni na cire su, wata Asabar da hantsi. Madam ta riƙe min benci. Kowane allo na ɗaga sai in tarar da bangon bayansa fari tas, kewayensa kuma hayaƙi ya dafe. Ƙadangaru da gizo-gizo suka yi ta tarwatsewa. Wasu ƙusoshin sun kama sosai, sai da na haɗa da ƙasar bango.

"Malam, ko guda ba za ka riƙe ba?" in ji Madam.

"In kai shi ina?"

"Gidanka. Ko ka ajiye wa yaransa."

"Sun fi bukatar abin da za a ba su."

Ta dubi bangon. Can ta ce, "Shekara shida ina aiki da shi, bai taɓa ɗaga min murya ba." Hawaye na zubo mata, ba ta saki bencin ba. Na tsaya da guduma a hannu ina jira ta gama. Na san ya kamata in ce wani abu. Na ce ta matsa da bencin gaba kaɗan.

Mutumin ya jera su, yana sa kwali tsakanin kowane biyu, ya ɗaure da igiya. Ya roƙe ni in raka shi Lolo, don kada a tsare shi a hanya a ce kayan sata ne. Muka ɗora a bayan wata a-kori-kura, na bi su da babur. Ranar kasuwa ce, bakin ruwa ya cika da buhunan albasa da jarkoki da mata masu kifi. Aka sa ɗaurin a tsakiyar jirgin ruwa, wata mata ta zauna a kai da kwandonta. Mutumin ya ba ni hannu, ya ce idan na ji labarin wasu in neme shi. Na ce to. Aka tayar da inji. Ban jira jirgin ya yi nisa ba, don matata ta ce in sayo busasshen kifi, kuma rana ta fara yi. Na zaga na taya wajen mutum uku kafin na saya.

Kafin in wuce Bahindi na biya gida. Na tarar da Inna a inuwar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Tun rasuwar ba ta cika magana ba. Na gaishe ta, na zauna a bakin tabarma, na cire hula.

"Sun tahi?"

"Sun tafi, Inna."

"Duka?"

"Duka."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ware tsakuwa biyu ta jefar. Wata akuya ta matso, na kore ta da ƙafa.

"Akwai sauran tuwo cikin kwano," ta ce. "Ka ci kahin ka hau hanya."

Na tashi na ɗauko. Ya huce, miyar ta daskare a gefe. Na cinye shi duka, na wanke hannu, na ɗaure kifin a bayan babur.