Makarantar Asabar ta Gwaggo Hedi

Duk wanda ya zauna a layinmu na Nassarawa GRA ya san usur ɗin Gwaggo Hedi. Unguwa ce shiru, kowa a bayan katangarsa, amma ita ba ruwanta. Ranar Asabar da hantsi za ta fito ƙofar gida da lema a hammata, ta hura usur ɗin nan da ta taho da shi tun tana shugabar makarantar firamare, har sai masu gadi sun miƙe tsaye. Nan da nan yara su fara ɓullowa, wani da takalmi a hannu, wani da burodi a baki. Ƙanwar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta mai da 'ya'yan layin duka nata, ba tare da ta nemi shawarar iyayensu ba.

Ku da kuka san ta kun san abin da ke cin ranta. Mu asalinmu cikin gari ne, can cikin lungu, aiki ne ya fito da iyayenmu waje. Tsoronta ɗaya, kada a wayi gari jikokin gidan sun zama baƙi a Kano, sun san hanyar filin jirgi ba su san hanyar gidan kakanninsu ba. Ta sha faɗa mana a gaban kowa, "Kaji kuke kiwo, ba 'ya'ya ba. Daga keji sai mota, daga mota sai keji."

'Yata Hanan ce ta ja mana. Wata rana Gwaggo ta shigo, ta same ta a gaban talabijin, ta ce, "Ke yarinya, kin san Dala kuwa?"

Hanan ko waiwayowa ba ta yi ba. "Na sani, Gwaggo. Dadi ya ce ta sake tashi."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta saki salati. "Ta tashi? Ta tafi ina? Dutsen da ya girmi kakan kakanki?" Sai ta juyo kaina. "Bilki, ke kika haifi wannan, ko a Wapa kika karɓo ta wajen 'yan canji?"

Na yi dariya har da hawaye, ita ko murmushi ba ta yi ba. Asabar ɗin da ta biyo baya aka fara jin usur.

A tsohuwar fijonta take loda su, kuma ita ke tuƙi, a hankali kamar mai rakiyar amarya. 'Yan adaidaita su yi ta danna mata hon, ta leƙo ta ce, "Ɗana, titin ubanka ne? Wuce, Allah ya kiyaye." Dokarta ta farko, gilashi a sauke, ko ana zafin da ya isa. In yara suka yi ƙorafi sai ta ce gari da hanci ake karanta shi, wanda bai ji ƙamshin gurasa da warin majema ba bai shiga Kano ba.

Ranar farko Dala ta kai su, don a fara gyara ɓarna daga inda ta faru. Na bi su saboda ina tsoron gwiwarta. Ashe ta riga ta shirya dabara. In ta hau 'yan matakala sai ta tsaya, ta dogara da lema, ta ce, "To, ku tsaya nan, akwai tarihi." Ta ba su labarin maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen. A ƙara gaba kaɗan, wani tarihin ya sake tasowa. Da abin ya yi yawa Hanan ta ce, "Gwaggo, ko dai kin gaji ne?"

Tana haki ta ce, "Ni? Gajiya? Tarihin ne ya yi yawa a wannan ɓangaren. Ke me kika sani?"

Da muka kai sama ta sa kowane yaro ya nemo rufin gidansu da ido. Babu wanda ya samu. Ita kuwa ta miƙa lema ta nuna musu wani gungun soraye, ta ce can aka yanke cibiyar kakanninsu, su kalla da kyau.

Dokarta ta biyu, ba a shiga motarta da biskit. Alkaki take saya musu, da dakuwa, da gurasa bandashe. Farida, 'yar gidan da ke kallon namu, ta juya gurasar nan ta ce, "Gwaggo, fiza ce?"

"Kakarta ce. Ci da hannu."

Amma abin da har gobe ake ba da labarinsa shi ne na marinar Ƙofar Mata. Ta kai su su ga yadda ake rini, ta roƙi marina su bar kowane yaro ya tsoma ƙyalle da kansa. Amir, ɗan Hajiya Zulai maƙwabciyarmu, bai tsaya a ƙyalle ba. Ya tsoma hannu har gwiwa, sannan ya goge a farar rigarsa sabuwa dal. Da ya koma gida uwar ta yi ihu, "Innalillahi! Wa ya yi maka wannan?"

Yaro ya tuna sunan abin rinin da aka koya masa, ya faɗa da Hausarsa ta makarantar kuɗi, "Baba ne."

Hajiya Zulai ba ta tsaya bincike ba, ta kira Alhaji a waya yana tsakiyar taro ta wanke shi tas. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa cewa tun safe bai ga yaron ba. Da gaskiya ta fito, ta ɗauko riga ta nufo gidan Gwaggo a fusace. Gwaggo ta karɓa, ta ɗaga ta a rana, ta duba gaba da baya.

"Hajiya, ai godiya ya kamata ki yi. Da safe rigar kanti ce, yanzu ta zama 'yar Kano. Ki kawo wandon ma a haɗa, kada su bambanta."

Mako biyu Amir bai fito ba. Na uku sai ga shi, uwar da kanta ta rako shi, sanye da tsohuwar riga.

Abin da ban sani ba, bayan ranar farkon nan duk inda suka je, ƙarshen tafiyar gidan kakanninmu ne. Takan ajiye mota a bakin titi, ta tasa su gaba cikin lungu, gida gida suna gaisuwa. Ni na ɗauka yawon kallon kayan tarihi kawai suke yi.

Da ciwo ya kwantar da ita ta bar mana wasiyya guda, a yi zaman makokinta a cikin gari. Ta ce a GRA mai ta'aziyya sai ya danna ƙararrawa, mai gadi ya tambaye shi wa yake nema. Muka yi ta gunaguni, ina za a ajiye motoci, ina baƙi za su zauna. Amma muka bi, don ko tana kwance ba mai iya musu da Gwaggo.

Ranar uku da rasuwarta ina zaune a tsakar gidan kakanninmu, kaina a sunkuye, sai ga wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda. Ban gane ta ba. Na ɗago daga inda nake na ce sannu da zuwa. Sai na ji Hanan, wadda yanzu ta kusa kamo ni tsawo, ta taɓa kafaɗata ta raɗa mini, "Mami, Iya Abu ce, ƙanwar kakarki ta wajen uba. Ita ta yi wa Gwaggo kitson aure. Ki durƙusa."

Na durƙusa. Tsohuwa ta shafa kaina, amma sunan Hanan ta kira, ta tambaye ta ya haƙuri. A nan kukan da na riƙe kwana uku ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hedi, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Yadda ta kai 'ya'yanmu gida da ƙafarta mai ciwo, Allah ka sauke ta a gidan da ya fi kowane gida. Amin.