Hayaƙin da ya shigo mana kamiyo a hanyar Parakou

Shekarun baya, lokacin da nake saro doya a ƙauyukan Pélébina ina kaiwa kasuwar Arzèkè ta Parakou, ƙanina ne ke ɗaukar mini kaya. Direban wata tsohuwar kamiyo ne, wato babbar motar kaya, mai shan gazuwal, man dizal ke nan, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujera. Ranar da zan ba ku labari, mun yi lodin sabuwar doya, muka tashi daga Djougou da hantsi, ni da shi da ɗiyata, wadda a lokacin ba a daɗe da yaye ta ba.

Muna fita gari ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ni ce na ce a rufe gilas, don kada yarinya ta kwashi mura. Har zane na cusa a inda gilashin bai kai ba, ina jin kaina uwa mai dabara.

Tafiya ta yi nisa sai motar ta fara nauyi. Ƙanina ya taka, ta yi gurnani, ta ƙi ja. Ya ce, "Yaya, kwanan nan haka take mini. In mun isa zan kai ta garaji." Na ji wani ƙauri-ƙauri, idona na yaji, amma wace kamiyo ce ba ta wari? Sai ciwon kai ya biyo baya. Na ce a raina yunwa ce.

Ɗiyata mai surutu ce, ko akuya ta gani a bakin hanya sai ta gaishe ta. Ranar ta lafe a cinyata, har na ji daɗi ta bar ni na huta. Ni ma ban san lokacin da barci ya kwashe ni ba.

Abin da ya farkar da ni shi ne ƙarar taya a kan tsakuwa. Na duba, mun bar kwalta, ƙanina kansa ya sunkuya a kan sitiyari. Na kai masa duka a kafaɗa, na ƙwala ihu. Ya zabura ya taka birki, motar ta yi tangal-tangal ta tsaya, hancinta na leƙen rami.

Ya ce, "Wallahi Yaya ban san na rufe ido ba."

Ban saurare shi ba, don na riga na ɗago yarinyar. Wuyanta ya langaɓe. Na kira ta, na jijjiga ta, na mintsine ta, shiru. Ban san yadda na buɗe ƙofa ba, na dai gan ni tsaye a cikin ruwa, ba takalmi, ina ta innalillahi, ina hura mata iska a fuska. Ƙanina ya sauko yana layi, ya durƙusa a gefe yana amai. Har yau ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: me zan faɗa wa babanta?

Can ta yi tari, ta kwara amai a ƙirjina, ta tsala kuka. Ni ma na fashe da kuka.

Wani mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya tsaya, ya kai mu wani ƙaramin asibiti a ƙauyen gaba. Malamar asibitin ta tambaye ni abin da muka ci. Da na ba ta labarin gilas da warin, ta ce, "Hajiya, hayaƙi kuka sha. Ku gode wa Allah da kuka fito." A can muka yini, sai da yarinya ta nemi abinci aka sallame mu.

Bayan an ja motar zuwa Parakou, na matsa sai na ga abin da ya so kashe mu. Bakanike ya ɗaga kan motar, ya nuna mini wani bututu da ya tsage. Ashe injin irin wannan ba duka hayaƙinsa yake turawa salansa ba. Ana ɗibar wani a sanyaya shi, a mayar masa ya haɗiya tare da iska, don wutar ciki ta rage zafi, gubar da yake fesa wa mutane ta ragu. Akwai wata 'yar ƙofa da suke kira EGR, ita ke buɗewa da rufewa. Baƙin hayaƙi ya daskare mata ta maƙale a buɗe, inji ya shaƙe, ya riƙa ƙona gazuwal rabi da rabi. Bututun kuma ya tsage daidai ƙarƙashin inda muke zaune.

Ya sa yatsa ya kankaro baƙin, ya ce, "Ga shi, Hajiya." Na samu wata tsohuwar taya na zauna.

Ƙanina ya daɗe ba ya iya haɗa ido da ni, ko da yake ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da na koya shi ne, mota in ta canza hali, ba a ce mata sai an isa.

Ɗiyar nan yanzu ta fi ni tsawo, ba ta tuna komai. Ni kuwa har yau, in na shigo ɗaki na same ta tana barcin rana, sai na tsaya a kanta na ga ƙirjinta ya ɗaga ya sauka kafin in iya fita.