Wandon Masta Garuba a Hawan Abono

A Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, duk wanda salansar motarsa ta fashe ya san rumfar da zai nufa, ta Garuba ce, wanda kowa ke ce wa Masta. Tun yana saurayi yake kwance a ƙarƙashin motocin mutane yana walda, hayaƙi na shiga ta hanci yana fita ta baki. Mahaifinsa dillalin shanu ne da ya gangaro daga Dogondutsi ya zauna a Zango, unguwar Hausawan garin. Bai bar masa gida ba, bai bar masa garke ba. Kunya ya bar masa, irin ta mutanen da, wadda ko singileti ba ta bari namiji ya fita da ita ƙofar gida.

Furfura na fara fito masa sai tari ya kama shi, tarin da ke hana sahun masallaci jin karatun liman. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce huhun nan ya ƙoshi da hayaƙi, ya nemi iska mai kyau, ya riƙa motsa jiki. Garuba ya bar wa yaransa rumfa. Yana yawo a kasuwar Adum ya ga wani keke na gwanjo, siriri kamar bai ci abinci ba, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya yi dariya shi kaɗai, ya tura shi gida.

Daga nan ya gano cewa Kumasi tana da baya. Da ka wuce Asokore Mampong ka miƙa wajen Antoa, sai hon ɗin trotro, motocin hayar gari, ya mutu, ka fara jin ƙarar sarƙar kekenka da kukan tsuntsaye. Ga 'ya'yan koko an shanya a bakin hanya yana tsami, ga ganyen ayaba na kaɗawa, manoma Tonawa, 'yan asalin ƙasar, na ɗaga masa adda suna cewa, "Kramo, sannu," don haka suke kiran kowane Musulmi. Yakan dawo yana ba da labari har shayinsa ya huce.

Abu ɗaya ya ƙi: ɗan matsattsen gajeren wandon da 'yan tseren keke ke sawa.

"Daga cibiya zuwa gwiwa ba na kallon jama'a ba ne," in ji shi.

Sai ya riƙa hawa da faffaɗan wandon kaftaninsa, ya ɗaure ƙafar dama da guntun tsohon tif na taya.

Matarsa Mamunatu, mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a bakin layi, ba ta taɓa son keken ba. Ranar da ya dawo da gwiwar hannu a kuje, ta ajiye ludayi.

"Baban Rashida, sa'anninka suna zaure suna jan carbi, kai kana daji kana tsere da awaki."

"Tarin fa? Yaushe rabon ki ji shi?"

"Gara tari a gida da karaya a daji."

"To mu yi haka," ya ce, jini ya hau masa kai. "Asabar zan je tafkin Bosomtwe, in sayo miki kifin Abono, in dawo da ƙafata. In aka dawo da ni a mota, ki kai keken nan Adum da hannunki."

"Na ji. Abdulmumini zai bi ka, ya zama shaida."

Abdulmumini ƙaninta ne, direban aboboyaa, babur ɗin nan mai ƙafa uku da bodi a baya. Wasan da ke tsakaninsa da mijin yayarsa ba ya ƙarewa. Asabar da safe ya zo har da shimfiɗa ciyawa a bodi.

"Masta, na gyara maka gado. Ragon layya ma haka nake ɗauko shi."

"Ka tsaya can baya inda ba zan ji tusar injinka ba. Salansarka ta fashe, kuma ba zan gyara ba."

Suna wuce Atonsu gari ya fara sakin su. Bayan Aputuogya hanya ta zama tasa. Garuba ya kwanta a kan ƙahon ragonsa, iska na cika rigarsa, yana gaida duk wanda ya gani, har wani tela mai yawo da keken ɗinki a ka yana kaɗa almakashi, ƙyas ƙyas. Ya yi masa sallama, telan ya amsa da Hausar Nijar. Bayan Kuntanase ƙasa ta buɗe, ga tafkin can ƙasa a kwance cikin duwatsu kamar faranti. Gangaren ya ɗauke shi. Dattijo mai jikoki sai ga shi yana ihu kamar ɗan makaranta da aka tasa, babu mai jin sa sai bishiyoyi.

A Abono, ƙauyen bakin tafkin, ya sayi soyayyen kifi, aka naɗe masa, ya ɗaure a bayan sirdi. Ya yi azahar a inuwa, ya dubi hanyar da ya gangaro. Yanzu ta miƙe tsaye kamar bango.

Ya kama hawa. Kwanar hanya ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A ta gaba ya tashi tsaye a kan feda, sai tif ɗin ƙafarsa ya tsinke. Sarƙa ta cafke bakin wando, ta ja, ƙeeet, tun daga idon sawu har cinya. Bai faɗi ba. Da ya faɗi ma da ya fi masa sauƙi, don ga wasu mata nan suna fitowa daga gona da rogo a ka. Garuba ya yar da keke ya faɗa bayan ayaba ya tsuguna.

Aboboyaa ta iso tana ɓararam.

"Masta, kana ina? Ko kifin ne ya murɗa maka ciki?"

"Rufe bakinka ka zo nan."

Abdulmumini ya leƙa, ya riƙe ciki. Da dariya ta sake shi sai ya sassauta murya.

"Hau kawai. In rufa maka tampol, babu wanda zai gan ka har ƙofar ɗaki. Ko da wannan cinyar za ka ratsa Zango?"

Garuba ya dubi bodin, ya dubi keken da ke kwance tayarsa na juyawa. Shiga gari a haka ba zai yiwu ba. In kuma ya hau, gobe war haka keken yana rataye a Adum, shi kuma ya koma benci.

"Yayarka ta ce kar a ɗauko ni a mota," ya ce a hankali. "Ta ce kar a ɗauko tela?"

"Wane tela?"

"Wanda muka wuce da safe. Bai yi nisa ba, kaya ne a kansa. Kashe injinka a kowane ƙauye ka saurari almakashi."

Wata tsohuwa cikin matan ta fahimci abin da ake ciki, ta kwance zanen da ta yi gammo da shi ta wurga masa ta kan ayaba, tana kallon wani gefen. Haka Masta Garuba ya zauna a kan kututture, ɗaure da zanen Tonawa, har aboboyaa ta dawo da tela zaune a kan ciyawar rago, keken ɗinki a cinyarsa.

Telan ya juya wandon ya ce, "Baba, wanga ba wandon keke ba ne, buhun hatsi ne."

"Ɗinke shi. Ka matse ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa, sama kuma ka bar min mutuncina."

Keken ɗinki ya yi ta ƙara a cikin gonar koko. Garuba ya zura wando, ya mayar da zane da godiya, ya hau. Matan suka tsaya kallo. Cinyoyinsa na ci da wuta, numfashi na fita kamar zuga-zugi, yana jiran tari ya zo ya tare shi, tarin bai zo ba. A baya, mutumin da ya shimfiɗa masa ciyawa shi ne ke dukan bodi yana cewa, "Taka, Masta, taka, kar ka kunyata mu gaban Tonawa." Da hanya ta kwanta a saman tudu, Garuba ya ɗaga hannu ɗaya sama, kifin na lilo a bayansa.

Ana shirin kiran magariba ya shigo layi. Mamunatu ta karɓi ƙunshin ta buɗe, ta sansana, ta dubi ƙaninta.

"Ya hau motarka?"

"Tela ne ya hau, Yaya. Shi ko hannu bai ɗora ba."

Ta sauke ido kan wandon. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya matsewa, ga zare ja a kan farin yadi.

"Wannan ɗinki ko a daji ai an ci amana," ta ce. "Cire ka ba ni. Ka haɗo da sauran wandunanka, in kai wa telana kafin Asabar. Kuma ka shigar da keken nan ciki, raɓa za ta ɓata masa sarƙa."